Gwanjon kujerun aji da jerin jira: a rubuta mana dokar rabo

Ƴan'uwa matasa, mata da maza, sannunku da haƙurin zama cikin wannan zafi. Na san wasu daga aji kunka taho kai tsaye, wasu kuma sun jingine kabu-kabu a bakin ƙofa, don haka ba zan cinye maku yammar ba.

Maganar da zan yi yau daga wani saƙon murya ta samo asali. Akwai abokina da munka yi lise tare, Allah ya ba shi burs ya tafi karatu wata ƙasa mai nisa. Wata rana wajen ƙarfe biyu na dare sai ga saƙonsa ta WhatsApp, murya duk ta mutu. Ya ce: "Aboki, an kada ni a gwanjo." Na ce gwanjon me, mota kake saye? Ya ce a'a, darasi. Wai akwai wani malami da kowa ke son ajinsa, kujerun kaɗan ne, ya taya, wasu sunka fi shi tayi, yanzu ga shi cikin jerin jira, shi ne na bakwai. Wallahi na yi dariya har da hawaye. Sai da na kwanta dariyar ta tsaya, don na tuna ni ma na taɓa shiga jerin jira a nan gida, amma ni ba wanda ya faɗa mini ko ni ne na nawa.

Bari in fara da yadda abin ke tafiya can, tunda yawancinmu ba mu saba da shi ba. Mu nan, a tsarin LMD da muke bi, in ka shiga fanni galibi darussan a jere suke, kai da ƴan ajinku abu guda za ku karanta. A jami'o'in Amurka da Singafo da wasu wurare kuwa, ɗalibi shi ke haɗa wani kaso na darussansa da kansa kowane zangon karatu. To kun san hali, wani malamin ya iya koyarwa, wani darasin yana buɗe ƙofar aiki, wani kuma ba a yin sa da sassafe. Sai ka ga aji mai kujera 40 mutum 100 ke nemansa. Dole a raba. Tambayar ita ce da wace doka.

Wasu jami'o'in sai sunka ce a yi gwanjo, amma ba da kuɗin aljihu ba. Makaranta ke ba kowane ɗalibi maki, a ce 1000, shi kuma ya rarraba su kan darussan da yake so. Wannan ya sa masa 500, wancan 300, sauran ya watsa. In an rufe tayi, kwamfuta ta jera mutane daga mai tayi mafi tsoka zuwa ƙasa, ta ɗauki 40 na farko. A wurare da yawa, tayin mutum na 40 shi ke zama farashin ajin, kowa shi zai biya, a mayar masa da ragowar makinsa. Wanda bai samu ba, a inda ake da jerin jira, sai ya shiga layi da lambarsa. In wani ya janye, na ɗaya ya shiga, na biyu ya koma na ɗaya. Babbar jami'ar ƙasar Singafo ta yi aiki da irin wannan gwanjo tun daga 2003, da wani tsari mai suna CORS. A can, a lokacin, in darasi bai cika ba maki ɗaya tak ake biya, kuma makin da ɗalibi bai kashe ba yakan bi shi zuwa zango na gaba.

In kun duba, tunanin da ke ciki ba na banza ba ne. Ɗan minista da ɗan mai tallan goro jaka iri guda ake ba su. Kuma tsarin yana tilasta maka ka nuna abin da ka fi so, don ba za ka zuba dukan makinka a ko'ina ba. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar dabbobi ana jibi Salla ya san wannan lissafi: kuɗinka ƙayyadaddu ne, in ka taya babban rago ka haƙura da sabon yadi.

Amma da anka jima ana aiki da shi, sai ɓarakarsa ta fito, kuma ina so ku bi ni a hankali a nan.

Ta farko, gwanjon yana mayar da ɗalibi ɗan caca. A ce wata ɗaliba tana da maki 1000, darussa biyu take so. Ta sa 600 kan wanda ta fi ƙauna, 400 kan ɗayan. Aka rufe, na farko ya tashi a 650, na biyu a 450. Ta tashi a tutar babu, alhali da ta juya lambobin da ta samu guda. Laifinta kawai ba ta iya duba ba, ba ta san abin da sauran za su taya ba. Wasu masana tattalin arziki biyu ƴan asalin Turkiyya, Tayfun Sönmez da Utku Ünver, sun yi rubutu kan wannan a 2010. Sun nuna cewa an ɗora ma tayi aiki biyu: shi ne zai faɗi abin da ɗalibi ya fi so, shi ne kuma zai yanke wa ya fi haƙƙin kujera. Ayyukan nan biyu suna karo da juna. Mutum na iya zuba maki mai yawa kan darasin da bai dame shi sosai ba don kawai ya san zai yi tsada, ya sa kaɗan kan wanda ransa ke so don yana zaton zai yi araha. Daga nan kwamfuta ba ta ƙara sanin gaskiyar zuciyar kowa ba.

Ta biyu, wanda ya san wasan shi ke ci. Tsohon ɗalibi ya tara maki, ya san farashin bara da na bara waccan, yana da manya da ke raɗa masa ga inda za ka zuba. Sabon shiga, musamman baƙo irin abokina, sai ya ƙone hannu sau ɗaya ko sau biyu kafin ya gane. Jakar dai iri guda ce, amma wani da ɗan jagora ya shiga kasuwar, wani shi kaɗai.

Ta uku, dillanci ya shiga. A makarantar koyon kasuwanci ta Wharton, a birnin Filadelfiya na Amurka, tsohon gwanjonsu ya ba ɗalibi damar sayar da kujerar da ya saya. Sai wasu sunka riƙa sayen kujerar ajin da ba su da niyyar shiga, su jira ta yi tsada, su sayar, su tara maki. Abin da muke zagin masu ɓoye hatsi a kai lokacin bazara, shi ɗalibai sunka koma yi da kujerun aji.

To me sunka yi? Nan ne darasin yake. Wani masani na jami'ar Chicago, Eric Budish, ya fitar da wata dabara a 2011, Wharton kuma ta ɗauke ta ta fara aiki da ita a 2013 da sunan Course Match. A sabon tsarin ɗalibi ba ya tayi. Abin da ake tambayarsa kawai: faɗa mana yadda kake son kowane darasi. Kwamfuta ce ke lalubo farashin da zai sa masu nema su yi kusan daidai da kujeru, sannan ta saya ma kowa jerin darussa mafi kyau da jakarsa za ta iya ɗauka. An shirya shi ta yadda wayo da ƙarya ba su cika amfanar mutum ba, faɗin gaskiya ya fi masa riba. Ita ma jami'ar Singafo ta ajiye gwanjonta a 2019, ta koma tsarin da ɗalibi ke jera zaɓinsa, makaranta ta raba bisa ƙa'idojin fifiko da ta bayyana.

Ku lura da abu guda. An gano aibin gwanjon ne saboda dokarsa a rubuce take, farashinsa a fili yake. Ɗalibi na iya cewa ga abin da na taya, ga inda anka tsaya, ga inda anka cuce ni. Masani na iya ɗaukar lambobin ya auna. Dokar da anka rubuta, ko maras kyau ce, ana iya kama ta a gyara. Wadda ke cikin aljihun wani kuwa, ta ina za ka kama ta?

Ga misali na kusa da mu, daga Faransa, tunda tsarin karatunmu da nasu ya yi kama. Har zuwa 2017, a fannonin da masu nema sunka fi kujeru yawa, kamar fannin wasannin motsa jiki, ƙuri'a ake kaɗawa tsakanin masu bak. Yaro ya yi ƙoƙari shekara da shekaru, a ƙarshe sa'a ta yanke masa hukunci. Mutane sunka yi ca, a 2018 anka kawo Parcoursup. Shi ma yana shan suka har gobe, kuma da dalili. Amma wanda ke jerin jira a cikinsa yana ganin lambarsa, yana ganin yawan mutanen da ke layin, ana kuma nuna masa inda layin ya tsaya bara, don ya san ko ya jira ko ya nemi wata hanya. Da ɗalibai sunka ga jami'o'i na ɓoye ma'aunin da suke tace takardu da shi, ƙungiyar ɗalibai ta UNEF ta kai ƙara, kuma a ranar 3 ga Afrilu 2020 kotun tsarin mulkin ƙasar ta ce dole jami'o'i su bayyana ma'aunan da sunka yi aiki da su bayan an gama zaɓe. Ɗalibai ne sunka nema, ba kyauta anka ba su ba.

Yanzu mu dawo gida. Wani zai ce, malam, mu ina ruwanmu da gwanjon darasi, mu da ko wurin zama a anfi sai ka yi sammako? Ai ruwanmu ne tsundum. Ba ma gwanjon darasi, amma kullum cikin rabon abin da bai isa ba muke: gurbin shiga fannin da kowa ke so, gurbin mastar, ɗaki a site, malamin da zai duba maka memuwar, wurin sitaj, burs. An buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, an ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi a 2014, amma masu samun bak kullum ƙaruwa suke. Duk inda masu nema sunka fi kujeru yawa, akwai dokar rabo, ko an rubuta ta ko ba a rubuta ba. In ba a rubuta ba, kun san sunanta: wa ka sani, wa ya san ka. Shi ma gwanjo ne, sai dai a ɓoye ake yin sa, kuma ba a raba ma kowa jaka iri guda ba. Wani an haife shi da lambar wayar babban mutum, wani ko kuɗin kati ba shi da shi.

Zan faɗa maku abin da ban cika faɗa ba. Da na gama lisans na ajiye dosiye neman mastar a wata makaranta, ba zan kama suna ba. Ranar da sakamako ya fito, takarda biyu anka manna a bango. Ɗaya ta waɗanda anka ɗauka, ɗaya an rubuta mata lis datant, wato jerin jira. Sunana na cikin ta biyu. Sunayen bisa haruffa anka jera su, babu lamba, babu maki, babu ranar da za a rufe. Na yi sati shida ina zarya. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce ka dawo jibi. A wannan zaryar na saba da wata ƴar'uwa da ke cikin jerin ita ma. Mun gwada takardunmu, makinta ya fi nawa, ba kusa ba. Daga wani gari take zuwa, kowane zuwa sai ta biya mota, ta kwana gidan dangi.

Rannan wani kawuna ya ji labari, ya ce: "Kai yaro, me ya sa ba ka faɗa mini tun wuri ba? Bari in buga waya." Ƴan'uwa, ban hana shi ba. Na san abin da wayar ke nufi, na yi shiru, na ce Allah ya saka da alheri, kawu. Kwana uku anka kira ni. Ita ba a kira ta ba. Daga baya na ji ta koma garinsu, karatun ya tsaya nan.

Har yau in na tuna sai in tambayi kaina, kujerarta na zauna? Mai yiwuwa ko ba wayar da an kira ni. Mai yiwuwa ita ce ta ɗaya ni ne na goma sha biyar. Ba mai iya faɗa mini, don ba a taɓa rubuta lambar ba. Rashin lambar nan ya cuce ta, ni kuma ya ba ni inda zan ɓuya. Shi ya sa nake cewa jerin jira maras lamba ba sakaci ba ne kawai. Yana da masu cin moriyarsa, kuma wata rana mu ne.

Abin haushin, mu ba baƙin layi ba ne. Ƴan Damagaram da ke nan kun san layin bido a bakin famfo lokacin zafi. Ba mai takarda, ba mai kwamfuta, amma kowa ya san bidonsa na bayan na wane, kuma in wani ya tsallake unguwa duka za ta ji. Iyayenmu mata da ke adashi, tun ranar farko kowace ta san watan kwasarta, in za a yi musanya sai an faɗa a gaban kowa. Abin da uwar adashi ta iya, a ce ofis mai sakatare da hatimi ya kasa?

Na san abin da wasu za su ce: matsalar ai ƙarancin kujeru ce, a gina azuzuwa, a ɗauki malamai, a daina maganar layi. Gaskiya ne, kuma ba za mu daina neman wannan ba. Amma gini shekaru yake ɗauka, rabo kuwa bana za a yi shi, da kujerun da ke akwai. Ko jami'o'in da na ambata, da duk dukiyarsu, ba su tsira daga rabo ba. Wasu kuma za su ce ba mu da intanet mai ƙarfi, ba mu da irin na'urorinsu. Abin da nake nema bai wuce takarda, biro da bango ba.

Ga abin da nake ba da shawara mu nema, a duk inda ake rabon gurbi, kuma mu nema a rubuce.

Na ɗaya, kafin a karɓi dosiye ko guda, a manna yawan kujerun da ke akwai. In 30 ne a ce 30.

Na biyu, a manna ma'aunin zaɓe tun kafin a fara. Maki ne? Shekarar gamawa ce? Akwai kason da anka ware ma mata, ko naƙasassu, ko ma'aikata? Ba laifi a ware, amma a faɗi ko nawa ne.

Na uku, jerin jira ya zamo da lamba, ɗaya, biyu, uku, tare da makin da ya sa kowa a inda yake. In ana gudun tona asirin mutane, a sa lambar dosiye maimakon suna.

Na huɗu, duk lokacin da wani ya janye anka kira na gaba, a sabunta takardar, a sa kwanan wata. A kuma faɗi ranar da za a rufe jerin, don ƴar mutane ta daina ƙona kuɗin mota.

Na biyar, a faɗi inda mutum zai kai kuka in yana ganin an tsallake shi, da kwanakin da za a ba shi amsa.

Kada wani ya ce maku wannan rashin kunya ne. Tun ranar 23 ga Fabrairu 2011 ƙasar nan ta yi dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanan hukuma da takardun ofisoshin gwamnati. Mu je da ladabi, mu gaida na gaba da mu, amma mu ajiye wasiƙa, mu karɓi shaidar an karɓa. Akwai malamai da ma'aikata da yawa da su ma sun gaji da wayar manya. Doka a bango kariya ce gare su, don in an bugo sai su ce: ranka ya daɗe, lambobin na waje, kowa ya gani.

Ga kuma aikin da ba sai mun jira kowa ba. Duk wanda ke nan yana da waya. In an manna jeri, ku ɗauki hotonsa ranar farko, da kwanan wata. In an fara karatu, ku gwada da waɗanda ke cikin aji. Ba don mu watsa sunan kowa a Facebook ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce kuma zai iya cutar da marar laifi. Don dai in mun je magana mu je da lissafi a hannu: kujera kaza anka ce, mutum kaza anka ɗauka, kaza daga cikinsu ba sa kowace takarda. Ɗaliban kowane fanni su samu mutum biyu da za su riƙe wannan aiki bana.

Na ƙarshe shi ne mai wuyar, kuma da kaina na fara. Ranar da kawunka zai ce bari in buga waya, me za ka ce masa? Ba zan yi maku ƙarya in ce abu ne mai sauƙi ba, ni na faɗi wannan jarrabawar. Ga gida an zuba maka ido, ga shekaru na tafiya. Amma in muna son layi ya yi aiki, dole wasunmu su yarda su tsaya a cikinsa ko da suna da hanyar tsallakewa. Aƙalla ka ce: kawu, in za ka buga, ka tambaye su ni ne na nawa, kuma me ya sa ba su manna ba.

Abokin nan nawa, bayan kwana tara ya sake aiko da saƙo. Mutum biyar sun janye, layi ya tsaya a kan na biyar, shi yana na bakwai, bai samu ba. Ya ji haushi, amma ya ga yadda anka yi, ya ɗauki wani darasin, ya shirya ma zango na gaba. Ƴar'uwar nan tamu ko wannan ba ta samu ba.

Wanda ke son shiga aikin ɗaukar jerin, ya tsaya bayan an tashi mu rubuta fanninsa da garinsa. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko a kanmu take.